Garken Baffa Buba a Cikin Gwangwanin Madara

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Uwata ta kaina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka Kafin Hausa lafiya, kin sami ɗaki mai iska da abokan zama masu tsoron Allah. Allah ya tsare min ke a hanya da masauki, ya kare ki daga sharrin mutum da aljan da ɗan acaɓa mai gaggawa. Mamanki tana gaishe ki, ta ce yajin da ke cikin baƙar leda naki ne, kada ki rabar da shi tun makon farko.

Bari in fara da yabon wayarki, don ta cancanci yabo. Allah ya yi wa wanda ya ƙera ta albarka. Ga ta sumul kamar tafin jariri, ga gem a ciki da mutane kamar ka yi musu sallama su amsa. Ita ta koya miki haƙuri, don na ga tuwo ya huce a gabanki ba ki ko kalle shi ba. Ita ta koya miki kawaici, mamanki ta kira ki sau uku ba ki tanka ba. Ta kuma koya miki zumunci, kina gaisawa da mutanen ƙasashen da ban san sunansu ba, ko da yake gwaggonki ta Limawa ta yi mako biyu a kwance ba ki leƙa ta ba. A zamaninmu malamin da ya iya haɗa wa yaro waɗannan darussa uku sai an kai masa buhun gero.

Ranar da kike haɗa kaya kin ce min, "Baba, yanzu fa ana zuba gem ɗin zamaninku a waya. Tunda kai ka sayar da su, wanne ne har yanzu zai bugu?" Na ce miki sai na yi tunani, kika yi dariya kika ce abin har sai an yi istihara. To na yi tunanin. Amsar ta fi ƙarfin baki, shi ya sa na zauna a shago da hantsi na rubuta. A ƙasan dabinon da na zuba miki akwai gwangwanin madara da na naɗe da tsumma. Kada ki buɗe shi sai kin kai ƙarshen takardar nan.

Na farko, duk gem ɗin da aka rubuta 999 a kwalinsa, ki bar shi inda kika gan shi. Shekaru na yi ina bin kasuwanni da su, Shuwarin, Gujungu, Jahun, tare da batir da tocila da rediyo. Gem takwas ne a ciki, ana ta sauya musu lamba kamar yadda ake sauya wa tsohuwar mota fenti. Wata rana wani dattijo daga wajen Garki ya zo saya wa jikansa, ya tambaye ni ko da gaske sun kai yawan nan. Na ce, "Wallahi Baba, har ka aurar da jikan nan bai gama su ba." Kasuwa ta zagayo sai ga shi. Na fara shirya ƙaryar da zan kare kaina da ita, sai ya ce, "Ɗana, ba mayarwa na zo ba, yaro yana son abinsa. Wallahin nan da ka haɗo min da ita ce na rasa inda zan ajiye ta." Ya juya ya tafi. Uwata, kada ki sa sunan Allah a kan abin da ke aiki da batir. Kuma in wani ɗan aji uku ya tare ki ya fara lissafo miki halayensa na kirki, ki tuna da kwalin nan, ki ƙirga takwas ki tsaya.

Gem ɗin macijin nan na ƙananan wayoyi yana da kyau, ki buga shi in kina jiran mota ta cika. Laifinsa ɗaya a wurina, shi nake bugawa ranar da kakarki, mai sunanki, take nuna min iyakar gonarmu da bakinta, daga wace kuka zuwa wane dutse. Ina ta cewa "to, to, Inna." Yau ko a gaban alƙali aka tsayar da ni ban san wace kukar ba ce. In tsoho ya fara ba ki labarin da ba ki tambaye shi ba, kife wayar. Ba kullum zai maimaita ba.

Yanzu zan gaya miki wani mutum da ba ki taɓa jin sunansa a gidanmu ba. Baffanki ne Buba. Ya rasu tun kafin in auri mamanki. Bafulatani ne daga wata ruga a bayan Jahun, ciwon huhu ya shiga garkensa, abin da ya rage ya sayar ya shigo kasuwa. Tebur ɗaya muke da shi, rumfa ɗaya, kwanon abinci ɗaya. Shi yana ce min Kaɗo, ni ina ce masa Mai Shanun Da.

Akwai wani gem mai kamar ƙwai da ake ratayawa a wuya, da ɗan tsako a ciki, kana ba shi abinci, in ka manta ya mutu. In ya mutu sai ka soka tsinke a wata 'yar kafa a bayansa, ya tashi sabo. Yara sun so shi ƙwarai. Baffanki ya ƙi ko taɓa shi. Ya ce, "Kaɗo, dabbar da ake tashinta da tsinke ba dabba ba ce. Kana koya wa 'ya'yan mutane cewa mutuwa tana da ƙofar baya." Wannan ma ki bar shi, na yarda da hukuncinsa.

Nasa gem ɗin daban ne. A cikin kayan gwanjo da muka saro daga Kano ya fito, ruwan toka, mai nauyi kamar rabin bulo, batir huɗu yake ci, gilashinsa kore-kore kamar ruwan kududdufi. Kaset ake zura masa ta baya. A cikin kaset ɗin akwai wani ɗan mutum da gonarsa da ɗakinsa da garken shanu. Kullum sai ya ba su ciyawa, ya goge musu jiki, ya tatsa, sannan ya kwanta gari ya waye. Buba ba ya jin Turanci ko na sayen ruwa, amma cikin wata guda ya san kan abin. Ya sa wa shanun sunayen waɗanda ya rasa: Saige, Ole, Wule.

Ina tsokanarsa, "Mai Shanun Da, saniyar da ba ta kai ƙwayar masara ba, me za ta ba ka?"

Ya ce, "Kai dai a ƙwarya ka san nono. Waɗannan ba sa shiga gonar kowa, ba wanda zai kai ni gaban mai gari."

"In salla ta zo sai mu yanka ɗaya."

"Ka yanka kakarka."

A lokacin mai ɗakinsa tana da tsohon ciki, na fari. Wata rana ya miƙo min gem ɗin, fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka. Saige ta haihu. Ya ce, "Ka san mu, ranar suna uba yana nuna wa jariri maraƙarsa, daga ita garkensa zai tashi. Ni yanzu ko akuya ba ni da ita. To ga tasa." Wurin da ake rubuta sunan maraƙar ya cike shi da ɗigo huɗu, ya ce sai an raɗa wa mai ita suna. Na yi dariya har da riƙe ciki. Shi bai yi ba.

Sai maganar gem ɗin bulo, wanda tubala suke saukowa kana jera su. In gaskiya kike so, duk cikinsu babu kamarsa. Ba ya yi miki alkawarin komai, ba wanda ya taɓa cinye shi, sauri kawai yake ƙarawa har ya rufe ki. Ki zuba shi a wayarki. Amma ki ji yadda muka ƙare da shi.

Ranar wata Litinin ce a Shuwarin, bayan azahar, lokacin da rana take korar masu saye, kasuwa ta yi tsit kamar an ɗauke mutane. Ina zaune a bakin tebur ina jera bulo, ban taɓa yin nisa irin na ranar ba. Baffanki yana gefena a kan buhu, ya jingina da turken rumfa, yana kiwonsa. Ya ce, "Kaɗo, ba ni ruwa." Butar tana wajen ƙafata. Na ce, "Bari in ci layin nan." Na ci layin, wani layin ya zo. Bai sake magana ba, ni kuma ina jin ɗan kiɗan gem ɗinsa yana ta zagayawa, na ɗauka ya manta da ƙishin. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Na dai san inuwar rumfa ta tashi daga ƙafata ta koma kan tebur.

Wata mata ce ta zo sayen batirin tocila. Ta tsaya ba ta taya ba, sai ta ce, "Malam, abokin naka lafiya kuwa? Ƙuda ne fa a idonsa, bai kore ba."

Yana zaune yadda yake, kai a sunkuye, babban yatsansa a kan madanni. Jikinsa har ya fara sanyi a cikin wannan zafin.

Malamai sun ce min kwana ne ya ƙare, ko tulu na ba shi ba zai ƙara minti ba. Na yarda. Amma da ƙishi ya tafi, buta tana wajen ƙafata. Uwata, duk abin da ke hannunki, gem ne, littafi ne, ko takardar jarrabawa, in mutum ya ce ki ba shi ruwa, ajiye ki ba shi. Tun ranar ban sake jera bulo ba. In na ga suna saukowa, itacen da ake jerawa a bakin kabari nake gani.

Wannan kuskure ne. Abin da ya biyo baya da sanina na yi.

Kafin mutane su taru na zare gem ɗin daga hannunsa, na kashe, na sa a aljihu. A raina na ce kada ya faɗi a turmutsutsu. A ƙasan raina kuwa na san irinsa ba ya samuwa, kuma akwai ɗan wani mai kuɗi a Dutse da ya daɗe yana nema. Muka sa shi a a-kori-kura muka kai shi rugarsu. Yayansa, Jauro, ya karɓi carbinsa da goro da makullin akwati daga hannuna, ya ce, "Shi ke nan abin da ke jikinsa?" Na ce, "Shi ke nan."

Aka yi masa wanka, aka jera sahu a fili bayan la'asar. Kin san sallar gawa, babu ruku'u babu sujada, shiru ne kawai tsakanin kabbara da kabbara. To bayan kabbara ta biyu sai kiɗan nan ya tashi daga aljihuna, siriri, a hankali. Na rantse na kashe shi a kasuwa, ko da yake kin riga kin san darajar rantsuwata. Wataƙila cinyata ce ta tura madannin. Hannuwana suna ƙirji, ba halin in taɓa. Bai daina ba sai da liman ya yi sallama. Ina jiran a juyo a kama ni, sai na ga tsofaffi suna share hawaye. Wani ya ce, "Kun ji sarewa?" Wani ya ce ya ji, daga gabas ta fito. Jauro ya ce, "Makiyayi ne, an zo tarbarsa." Ni kuma na ce, "Allahu akbar," tare da kowa.

Ranar rabon gado malam ya yi tambayar da ake yi: duk wanda yake riƙe da wani abu na mamaci, ko allura ce, ya fito da shi, don akwai maraya a ciki. Na kawo rabinsa na kayan tebur cif, ko batir ɗaya ban rage ba, har aka yi ta sa min albarka. Gem ɗin yana gida a ƙarƙashin katifa. Kin ga irin gaskiyar ɗan kasuwa, ya auna maka mudu a cike don kada ka duba buhu.

Ban sayar ba. Na kunna don in goge komai kafin in kai wa yaron can, sai ga shanu uku da maraƙa suna kallona. Hannuna ya ƙi. Na mayar na ajiye. Aka haihu, aka yi suna, kunya ta hana ni zuwa. Bayan kamar wata biyu na sake kunnawa da rana tsaka a ɗakina, na duba maraƙar. Ɗigo huɗun nan babu su. An rubuta DIJA.

Litinin ta zagayo na haɗu da Jauro a wajen 'yan awaki. Na ce, "Af, me aka samu ne?" Ya ce, "Mace. Hadizatu, muna ce mata Dija."

Ni mutum ne da ya ci abinci da ruɗar idon mutane, don haka na nemi bayani na samu. Wataƙila Buba ne ya rubuta da safiyar ranar da ya rasu, ya kuma riga ya gaya wa matarsa sunan da yake so, ni ne ban lura ba. Wannan bayanin ya riƙe ni shekaru. Sai dai akwai kwanan wata a kusurwar gilashin, kuma a gem ɗin gari ba ya wayewa sai wani ya kai ɗan mutumin ya kwanta. Ni ban taɓa matsar da shi ko taku ɗaya ba, kallo nake in kashe. Na rubuta kwanan a bangon akwati. In na yi watanni na dawo, sai in tarar ya ƙara gaba da kwana ɗaya ko biyu, shanun a ƙoshe. Na taɓa tuhumar mamanki. Ta ce, "Ni da ko rediyonka ban iya kamo tasha ba, zan yi kiwo a cikin akwati?"

Ga abin da ya sa nake gaya miki yanzu. A cikin kaset ɗin akwai ɗan batir irin na agogo, shi yake riƙe da komai. Duk ranar da batirin nan ya mutu, garken ya tafi, ba tsinken da zai tashe shi. In ka cire don ka sa sabo, nan ma ya tafi. Dabarar ita ce ka buɗe kaset ɗin, ka zura shi tsirara a cikin gem, ka kunna, sannan ka sauya batirin yana kunne, ka manne da salatif, hannunka bai girgiza ba. Sau uku na yi haka a shekara ashirin da biyu, kowane karo gumi har cikin idona. Bana na ɗauko sukundireba, na ga yanar ido ta rufe min gani, hannuna yana rawa kamar na mai tankaɗe. Na mayar. Batirin da ke ciki ya wuce lokacinsa. Ko yau, ko bayan salla, ban sani ba. Ni ma haka.

Dija tana nan Kafin Hausa. Ta yi aure, tana da shagon ɗinki a bayan tasha, mai ƙofa shuɗiya, kusa da mai markaɗe. Bara na je da gem ɗin a aljihu da atamfar mamanki a hannu don in sami abin fakewa. Goshin ubanta ne sak. Na ce mata na taɓa sanin wani Buba daga wajen Jahun. Ta tsayar da keke ta ce, "Baba, ai mahaifina ne. Ban gan shi ba, amma in sha Allahu yana cikin rahama. Ranar da aka yi masa salla har sarewa aka ji, kowa a rugarmu ya sani." Na ce, "Haka aka ce." Ta ce, "Bai bar min komai ba sai wannan labarin, ya kuma ishe ni." Na zaɓi ɗinki, na fito, na hau mota da abin a aljihuna.

Zan iya ce miki ciwon ƙafa ne ya hana ni komawa. Tsoro ne. Mutumin da ya sayar wa rabin Jigawa gem takwas a matsayin ɗari tara da casa'in da tara ya kasa haɗa ido da yarinya mai keken ɗinki. Shi ya sa nake aiken 'yata abin da ya kamata in kai da ƙafata, kuma na san ba daidai ba ne. Ki ɗauki darasi ko a nan: abin da ba naki ba kada ya kwana a hannunki. Ranar farko mayarwa ce kawai. In ya shekara sai an haɗa da bayani, in ya kai ashirin sai an nemi ɗan aike.

Ki je cikin makon nan, kada ki jira a fara karatu. Kada ki bar gwangwanin a rana, kada ki zare kaset ɗin, kada ki ba wa masu gyaran waya su taɓa. Na sa sababbin batir huɗu. Ki gaishe ta da ladabi, yayarki ce. Ki ce mata mahaifinta ya bar mata maraƙa, ya nuna min ita da bakinsa, ni na ɓoye. Ki gaya mata maganar ruwan ma, kada ki rage min komai. Ki ce Sale mai batir yana roƙon ta yafe masa, in ta ce sai na zo da kaina, zan zo ko da rarrafe. Maganar sarewa ce kaɗai na rasa yadda zan yi da ita. In na bar ta, na bar ta da ƙarya. In na faɗa, na sake ɗauke mata wani gadon. Ke za ki ga fuskarta, ni ba zan gani ba. Ki yi abin da Allah ya nuna miki.

Wannan shi ne gem ɗin da ya fi kowanne cancanta a buga, amma ba ni da ke ba. Mai shi ce za ta buga.

Allah ya yi miki albarka, Uwata. Ya ba ki ilimi mai amfani da abokai na gari, ya tsare ki daga abin da kike gani da wanda ba kya gani, ya dawo min da ke lafiya. Allah ya jiƙan Buba, ya shayar da shi daga tafkin Alkausara. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙa kiran mamanki ko ba ki da abin faɗa.

Mahaifinki,
Sale mai batir,
Dutse.

Na riga na naɗe takardar na sake buɗewa. Kafin in rufe gwangwanin na kunna shi sau ɗaya, in tabbatar suna nan. Suna nan. Amma duk shekarun nan, in na kunna, a cikin ɗakinsa nake tarar da ɗan mutumin, a gefen gado. Yau a bakin ƙofar gona na same shi, ya juya min baya yana kallon hanya, maraƙar tana tsaye a bayansa. Ban gaya wa kowa zan aika da shi ba, ko mamanki. Ke da za ki jami'a, wa ya gaya masa yau ne tafiyar?